Zan sayi tsohon gidan mai in yi shaguna da fiya wata, ya zan gane ko ƙasar da ruwan sun gurɓace?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, an yi min tallar wani fili a bakin titi wanda da can gidan mai ne, ya fi shekara goma a rufe. An cire famfunan amma dillali ya ce tankunan suna nan a binne. A bayan filin kuma akwai makanikai da suka daɗe suna aiki a wurin. Niyyata in gina shaguna a gaba, a baya in haƙa bohol in buɗe kamfanin fiya wata. Abin da ya sa min shakka, wani maƙwabci ya ce rijiyarsu tana warin fetur in damina ta yi nisa, amma da rani lafiya lau. Mai filin kuma cewa ya yi ai shekara goma komai ya bushe, in ina so in ɗebi ruwa in kai lab. Don Allah me ya kamata in yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya yi wa nema albarka. Tun kafin mu yi nisa ina roƙonka abu biyu, kar ka biya kuɗin filin nan tukuna, sannan kar ka bari mai haƙa bohol ya shigo da motarsa wurin ko da kyauta ya ce zai yi maka. Zan zo kan dalili.

Maganar da maƙwabcin nan ya faɗa maka, a duk abin da ka rubuto ita ce ta fi ɗaukar hankalina, don ta yi daidai da yadda fetur yake yi in ya shiga ƙasa. Shi fetur in ya tsiyaya daga tanki ko fayif, sauka yake yi ta cikin jar ƙasa da marmara a hankali har sai ya tarar da ruwan da ke ƙarƙashi, to da yake bai kai ruwa nauyi ba ba ya nutsewa, sai ya kwanta a samansa kamar yadda man gyaɗa ke tasowa a kan miya. Da rani ruwan ƙasa yana ja da baya, rijiyoyi su yi ƙasa, sai man ya maƙale a jikin ƙasar da ruwan ya bari. Damina na kankama, wajen watan Agusta zuwa Satumba, ruwa ya sake tasowa ya wanke wannan ƙasar, shi ne za ka ji mutane na cewa rijiya ta fara wari. Kenan rashin warin da rani ba ya nufin man ya tafi, yana nan a maƙale yana jiran ruwa ne kawai.

Batun wai shekara goma komai ya bushe, wannan gaskiya ne ga man da ya zube a fili inda rana da iska ke dukansa. Amma wanda ke ƙarƙashin kankare, mita huɗu ko biyar a ƙasa, labarinsa daban. Akwai ƙwayoyin halitta a cikin ƙasa da ke cinye mai, sai dai sun fi yin aikin da sauri in akwai iska, can ƙasa kuwa da zarar sun cinye 'yar iskar da ke wurin sai aikin ya koma tafiyar hawainiya, mai ya iya kwashe shekara ashirin ko fiye yana nan. Kuma ba sai tanki ya fashe ba. Ɗigo ɗaya a duk daƙiƙa daga bakin fayif da ya yi tsatsa, in ka lissafa a shekara ya kai wajen lita 1,500, kuma mai gidan man ba lallai ya lura ba, a ɗauka ƙarancin awo ne ko sakacin yaran da ke sayarwa. Yawancin yoyon ma ba daga cikin tankin yake ba, daga mahaɗar fayif ne da ƙarƙashin famfo da kuma bakin da tanka ke sauke mai.

Abin da muka fi tsoro a cikin fetur wani sinadari ne da ake kira benzin, tare da 'yan'uwansa toluwin da etilbenzin da zailin. Benzin yana narkewa a ruwa fiye da yawancin abin da ke cikin fetur, shi ya sa yake rigan sauran tafiya, kuma an tabbatar yana jawo kansar jini in mutum ya daɗe yana sha ko shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha maikrogiram 10 a lita ɗaya, shi maikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Don ka ga ƙanƙantar wannan adadi, in fetur na ɗauke da kashi ɗaya cikin ɗari na benzin, lita ɗaya tak ta isa ta kai ruwa sama da lita dubu 800 wannan iyaka. A rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan yankin Ogoni na jihar Ribas a 2011, an samu rijiyoyi a Nisisioken Ogale da benzin ɗinsu ya ninka wannan iyaka fiye da sau 900, kuma an tarar da tataccen mai mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan ƙasa, alhali mutane na sha suna girki da shi. Ban ce naka ya kai haka ba, can bututun mai ne babba, amma hanyar da abin ke bi ɗaya ce.

Yanzu maganar ka ɗebi ruwa ka kai lab. Nan ne mutane da yawa ke ruftawa wallahi, kuma ba da mugun nufi ba. Gwajin ruwa da aka saba yi wa masu fiya wata yana duba tsami, gurɓin ruwa, ƙarfe, gishiri, nitret, da ƙwayoyin cuta irin na bayan gida. Duk waɗannan suna iya fitowa tsaf a rubuta maka ruwa ya yi kyau, alhali benzin na ciki, saboda ba a neme shi ba kwata-kwata. Nemansa sai da wata na'ura ta daban mai rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya, wadda ba kowane lab ke da ita ba. Sannan ko da lab ɗin na da ita, in ka ɗebo ruwan da guga ka juye a robar lemo ka jefa a but ɗin mota cikin zafin Kano, kafin ka isa benzin ya fice, sakamako ya fito babu komai. Hanci ma ba abin dogaro ba ne, ruwa na iya wuce iyakar benzin nesa ba kusa ba kuma ba ka ji warin komai ba.

To ya ake yin binciken na gaskiya? Matakin farko ba a haƙa komai, tarihin wurin ake bi, kuma rabin wannan aikin kai da kanka za ka iya. Ka nemi tsofaffin ma'aikatan gidan man, musamman wanda yake auna tanki da sanda kullum da safe, shi ya san tankin da ke cin mai, shi ya san ranar da tanka ta yi ambaliya wajen saukewa. Ka je wurin mai unguwa, ka zauna da dattawan layin, ka tambayi me ke wurin kafin gidan man, don a Kano fili da yawa tsohon kududdufi ne da aka cike da shara. Ka tambayi tankuna nawa ne, wanne na fetur wanne na dizal wanne na kananzir, an taɓa canza wani, me ya sa aka rufe. In mai filin na da tsofaffin takardun lasisi na DPR, wato tsohuwar hukumar da ke kula da harkar man fetur, da taswirar ginin ya ba ka, DPR ɗin ce aka rushe a 2021 bayan dokar man fetur ta PIA, yanzu hukumar NMDPRA ke kula da gidajen mai. Google Earth ma na taimakawa, yana da tsofaffin hotunan sama da za ka ga inda rumfar famfo take da inda ƙasa ta yi baƙi. Sai a zagaya a ƙirga duk rijiya da bohol da ke kewaye, a lura ina gangare yake, ina kwata ta nufa, ina masai da sokawe suke.

Daga wannan ne ƙwararre zai san inda zai huda. Ina jaddada wannan don na sha ganin rahoton da aka ɗebi ƙasa daga kusurwa huɗu na fili, daga sama sama, aka ce an yi bincike. Kusurwa ba nan mai yake ba. Ana huda ne a gefen kowane tanki har a wuce gindinsa, a bi layin fayif, a huda inda famfuna suke da, da bakin saukar mai, da ramin makanikai, sannan a ɗauki guda ɗaya can nesa inda ake kyautata zaton ƙasar lafiya take don a samu abin kwatantawa. Ana ɗibar ƙasa a zurfi daban daban, kuma wanda ya fi muhimmanci shi ne daidai inda ƙasa ta fara jiƙa. Idan kana wurin za ka gani da idonka, jar ƙasa na fitowa ja wur, sai can a wani zurfi ta rikiɗe ta koma toka-toka ko kore-kore, tana ɗan maiƙo a hannu, wari ya buge ka irin na tsohon fetur mai ɗan tsami. Akwai 'yar na'urar hannu da ake kara wa a bakin ledar da aka zuba ƙasar, tana nuna yawan tururin mai nan take, da ita ake zaɓar samfurin da ya cancanci a kashe masa kuɗin lab.

Ɓangaren ruwa kuma ana haƙa 'yan ƙananan rijiyoyin sa ido, siraran fayif ne masu tsaga-tsaga a ƙasa, a zuba tsakuwa a kewaye, a toshe sama da yumɓu na musamman da siminti don ruwan sama kar ya bi ta nan. Mafi ƙaranci guda uku, saboda da uku ne za a auna tsayin ruwa a kowacce a gane ina ruwan ƙasa ya dosa, kuma ba kullum yake bin gangaren da ido ke gani ba, bohol ɗin wani otal ko gidan wanka da ke zuƙa dare da rana na iya juyar da shi. Dole tsagar fayif ɗin ta ratsa saman ruwan, rabi a sama rabi a ciki, in aka nutsar da ita duka a ƙasa to man da ke yawo a sama zai wuce ba a gan shi ba. Ana zura wani bututu garai-garai a jawo shi a hankali, in akwai mai za ka gan shi a saman ruwan, launin shayi, wani lokaci kaurin farce wani lokaci kaurin yatsa biyu. Ruwan gwajin benzin kuma a 'yar kwalbar gilas ta mililita 40 ake zuba shi, a cika ta maƙil har ya yi tozo, a rufe, a kifa ta a ƙwanƙwasa, in an ga kumfar iska ko guda ɗaya a sake ɗiba. Daga nan sai a saka shi cikin kula mai ƙanƙara, kuma ya isa lab a gwada shi cikin sati biyu in an sa masa maganin adanawa, in ba a sa ba sati ɗaya. Rijiyar maƙwabcin nan lallai a haɗa da ita. Kuma tunda ka ji yadda damina ke canza abin, a auna sau biyu, ƙarshen rani da kuma tsakiyar damina, in lokaci ya ƙure maka to na damina ya fi faɗar gaskiya.

Wani abu da ake ruɗewa a kai, wancan awon da masu bohol ke yi da wayoyi da turakun ƙarfe kafin su haƙa, neman inda ruwa yake ne da zurfin dutse. Yana da amfani, amma ba zai gaya maka ko ruwan na da guba ba, kar wani ya sayar maka da shi a matsayin binciken gurɓata.

Garejin da ke baya shi ma kar a raina shi. Baƙin mai da ake zubarwa a ƙasa shekara da shekaru yana ɗauke da ƙarafa masu guba da sinadaran da ke fitowa daga ƙonewar mai, in kuma akwai mai gyaran batir a cikinsu to dalma ce kai tsaye. Ita dalma ba ta ruɓewa ba ta bushewa, tana zaune a saman ƙasa ta zama ƙura, kuma yara ta fi kamawa. Mu a Arewa mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Bagega, inda yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, kuma maganin da aka yi wa ƙauyukan shi ne a kankare saman ƙasa a kwashe a kawo sabuwa. Na gareji bai kai wannan ba, amma a gwada. Idan gidan man ya yi aiki tun kafin farkon shekarun 2000 ma, fetur ɗin wancan lokacin akwai dalma a cikinsa. Sai kuma wasu sinadaran wanke inji masu kulorin, su sun fi ruwa nauyi, nutsewa suke yi har gindi su shige tsagar dutse, in tarihin wurin ya nuna an yi amfani da su a gaya wa lab ya neme su.

To ga dalilin da ya sa na ce kar a haƙa bohol. Birnin Kano a kan dutse yake zaune, ruwan da muke samu yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke cikin mai taurin a ƙasa. Sau da yawa gurɓatar tana tsayawa a ruwan sama sama, na ƙasan yana nan da sauƙi. Ranar da aka huda ta tsakiyar wurin, musamman irin haƙar da ake yi ba a toshe gefen fayif da siminti yadda ya kamata ba, to ka buɗe wa man hanya da hannunka. Ka ɗora sumo a kai kana zuƙar dubban lita kullum don fiya wata, duk abin da ke kewaye kai zai nufo. Watan farko ruwa zai iya fitowa garau ka ci gwaji, bayan wata shida ko shekara ya fara zuwa. Bincike a Amurka ya nuna yawanci benzin daga gidajen mai ba ya wuce mita 100 a cikin yashi da laka, amma a tsagar dutse ba a yi masa wannan lissafin, yana iya bin tsaga ɗaya ya ɓulla inda ba a zata ba.

Tankunan kuma don Allah a yi hattara. Tankin da ba komai a ciki ya fi cikakke haɗari, saboda tururin da ya gauraya da iska shi ke fashewa. Kar ka bari mai walda ko ɗan gwangwan ya kusance su da wuta, kar a tura yaro ciki ya leƙa. Akwai masu aikin, su zuƙe ragowar, su wanke, su auna tururi, sannan a tono. Ranar tonowar ita ce ranar da ta fi kowacce amfani wajen ɗibar samfur, don ramin a buɗe yake kana ganin gindinsa da bangonsa.

In sakamako ya fito, a Najeriya an fi auna shi da ƙa'idar EGASPIN ta harkar mai. A cikinta in jimillar mai a ƙasa ta kai miligiram 5,000 a kilo ɗaya, ko maikrogiram 600 a litar ruwan ƙasa, dole a yi gyara, abin da ake son a dawo gare shi kuwa miligiram 50 ne a ƙasa. Ni dai a ganina 5,000 ɗin nan ya yi sassauci ƙwarai ga wurin da mutane za su wuni a shago, don haka kar ka ga an rubuta 3,000 ka ce shikenan an tsira. Ruwan da za a sha kuma ba da wannan ake auna shi ba sam, da ma'aunin ruwan sha ake yi. Gyaran ya danganta da abin da aka samu. In a kusa da tankuna ya tsaya, a kwashe ƙasar a baza ta a kan leda mai kauri a wani keɓaɓɓen wuri, a gauraya da taki, ana juyawa ana yayyafa ruwa, zafinmu na taimakawa ƙwayoyin nan su cinye man cikin watanni. In ya riga ya kwanta a kan ruwa sai an yi ta zuƙewa ana tacewa da gawayi na musamman, wannan kuwa aikin shekaru ne kuma kuɗinsa na iya fin kuɗin filin.

Shawarata a kan niyyarka, shaguna mai yiwuwa ne in an cire tankuna an kwashe ƙasar da ta ɓaci, a yi daɓe mai kyau da shimfiɗar leda a ƙarƙashi don tururi kar ya riƙa tasowa cikin shago, kar a yi ɗakin ƙasa, kuma fayif ɗin roba na ruwan famfo kar ya ratsa ta cikin gurɓatacciyar ƙasa don fetur na ratsa roba. Amma fiya wata, gaskiya Alhaji ka nema masa wani wurin. NAFDAC ma tana duba inda aka kafa masana'anta da inda ruwan ya fito, kuma ko ba don ita ba, ruwan da 'ya'yan mutane za su sha a makaranta da tasha bai kamata ya fito daga ƙarƙashin tsohon tankin fetur ba.

Wajen neman mai aikin, ka nemi masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa mai rajista da COMEG, wato majalisar da ke yi wa injiniyoyin haƙar ma'adinai da masana ilimin ƙasa rajista, za ka iya fara tambaya a sashen ilimin ƙasa na BUK ko ABU Zariya, ko Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna. Ka tambaye shi wane lab zai kai, da yawan masu wannan gwajin suna Legas da Fatakwal ne, kuma mafi ƙanƙantar benzin da na'urarsu ke iya gani nawa ne, in ya fi maikrogiram 10 to "ba a samu ba" ɗinsu ba shi da amfani a wurinka. Kai za ka ɗauke shi kai za ka biya shi, ba mai filin ba. A rubuta a yarjejeniya cewa ciniki bai faɗa ba sai sakamako ya fito, kuma in an samu gurɓata a cire kuɗin gyara daga farashi ko a dawo maka da kafin alƙalaminka. In mai filin ya ƙi yarda a huda, ka haƙura da filin.

Maƙwabcin nan kuma ka koma wurinsa yau ba sai gobe ba, ko ka sayi filin ko ba ka saya ba. Ka gaya masa su daina sha da girki da ruwan rijiyar har da rani, kuma tafasawa ba magani ba ce, tururin benzin ɗin a kicin zai tsaya matan gida su shaƙa. Shi da mai unguwa suna iya kai ƙorafi a rubuce ga ma'aikatar muhalli ta jiha ko ofishin NOSDRA, ita ce hukumar da aka kafa a 2006 don malalar mai, su ajiye kwafi ɗaya a hannunsu da kwanan wata a jiki.